Gwamnati da gungun masu laifi a lokacin yaƙi: tambayoyi da amsoshi

Tun da matsalar tsaro ta kewaye mu, Diffa ta gabas, iyakar Maradi ta yamma, ga hanyar Agadas zuwa Libiya ta arewa, wata magana ke yawan tasowa a fadojin Damagaram: in yaƙi ya matsa, me zai hana hukuma ta haɗa kai da waɗanda suka san daji da ɓarauniyar hanya, ko da masu laifi ne? An gwada wannan a ƙasashe da dama, kuma abin da ya biyo baya yana rubuce. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Su wa ake nufi da gungun masu laifi? Har da mai sayar da ruwa-ruwa a bakin titi?

A'a. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a Palermo a Disamba 2000 ta ba da ma'auni: mutum uku ko fiye, masu tsari, da suka jima suna aiki tare, suna aikata laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara huɗu ko sama, don neman dukiya. Yaron da ke zaune da kwalabe da mazurari a gefen titi ba da shi ake ba. Ana maganar mai ayarin motoci da babura da ke tsallako da kaya cikin dare, yana da mai raba na goro a kowane shinge, yana kuma da yaran da ke ladabtar da duk wanda ya shiga masa hanci. Wannan na ƙarshe shi ne alamar gungu: yana da hukuncinsa na kansa, ba ya kai ƙara kotu.

Gwamnati mai soja da jandarma da ƴan sanda, me za ta nema a wurinsu?

Abin da ba ta da shi, kuma ba ta da lokacin ginawa. Da farko ido da kunne. Jami'in da aka turo daga babban birni zai shekara bai san wanda ke sauke kaya a tasha da ƙarfe uku na dare ba, alhali shugaban ƴan dako ya san shi har sunan mahaifinsa. Sai hanya. Ɗan fasa-ƙwauri ya san rijiyar da ke da ruwa, ya san inda ake binne duron mai a rairayi, ya san jami'in da ke karɓa da wanda ba ya karɓa.

Akwai biyu da ba a cika faɗa a fili ba. Ɗaya shi ne aikin da doka ta hana soja: kisa ba shari'a, fasa yajin aiki, tashin ƙauye. In ɗan daba ne ya yi, hukuma ta ce ba ta san zancen ba. Ɗayan kuɗi ne da ba ya bi ta kasafi, ba majalisa, ba mai bincike. A yaƙin da Faransa ta yi a Biyetnam, jami'an leƙen asirinta sun riƙa kwaso ofiyom, wani kayan maye mai ƙarfi, daga tsaunuka zuwa Saigon don su biya mayaƙan da ke taya su.

Wane misali ne aka fi tabbatarwa?

Na tashar jiragen ruwan New York. Ranar 9 ga Fabrairu 1942 babban jirgin Faransa mai suna Normandie, wanda Amurka ta karɓe tana mayar da shi na dakon soja, ya kama wuta a bakin tasha ya kife. Bincike ya nuna tartsatsin wutar masu gyara ne ya faɗa kan tarin rigunan ceto, amma a kwanakin zagon ƙasa kowa ke zargi, domin jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna nutsar da jiragen dakon kaya a gaɓar Amurka. Sashen leƙen asiri na sojan ruwa ya tarar da ƴan dako da masunta, da yawansu ƴan asalin Italiya, ba sa buɗe wa baƙo baki. Masu faɗa a ji a cikinsu ƴan Mafiya ne, wato gungun masu laifi ƴan asalin Italiya, waɗanda ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwadago na tashar.

Kwamanda Charles Haffenden ya fara da Joseph Lanza, mai juya kasuwar kifi ta Fulton, wanda a lokacin akwai tuhumar tatsar kuɗi a kansa. Lanza ya samo wa jami'ai katin ƙungiyar ƙwadago, suka shiga jiragen kamun kifi kamar ma'aikata. Da aka zo kan sauran tashoshin sai ya ce ikonsa bai kai can ba, a nemi Charles Luciano, babban ubangidan ƴan Mafiya. Shi kuwa Luciano yana ɗaure tun 1936, an yanke masa shekara 30 zuwa 50 kan tilasta wa mata karuwanci. A watan Mayu 1942 aka ɗauke shi daga kurkukun Dannemora, can kusa da iyakar Kanada, aka kai shi Great Meadow inda ziyara ta fi sauƙi. Lauyansa Moses Polakoff da amininsa Meyer Lansky suka shiga kai-komo da saƙo. A Janairu 1946 gwamnan jihar, Thomas Dewey, wanda shi ne lauyan gwamnatin da ya ɗaure shi tun farko, ya sassauta hukuncin bisa sharaɗin a mayar da shi Italiya. Bai cika shekara goma a gidan yari ba. Kafin 1946 ta ƙare yana Habana ta ƙasar Kyuba yana taro da manyan ƴan Mafiyar Amurka.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Har yaƙin ya ƙare ba a yi wani babban zagon ƙasa a tashar ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ba mai iya nuna cewa da ba a ƙulla da su ba da an yi. Ƴan zagon ƙasan Jamus takwas da aka sauke a gaɓar Amurka a Yuni 1942, ɗaya daga cikinsu ne ya kai kansa ga FBI ya tona asirin sauran.

Labarin da ake yaɗawa cewa Mafiya ce ta share wa sojojin ƙawance hanya a tsibirin Sisili a Yuli 1943, yawancin masana tarihi ba su yarda da shi ba. Abin da ya tabbata ya faru ne bayan an ci tsibirin. Gwamnatin sojan mamaya tana neman waɗanda ba ƴan jam'iyyar Mussolini, ɗan kama-karyan Italiya, ba don ta naɗa su magadan gari. Ƴan Mafiya kuwa sun sha ɗauri a hannun Cesare Mori, wanda Mussolini ya tura Palermo a 1925, sai suka fito da rigar waɗanda aka zalunta. Calogero Vizzini ya zama magajin garin Villalba, Giuseppe Genco Russo ya samu Mussomeli. A yankin Naples, Vito Genovese, wanda ya gudo daga Amurka saboda tuhumar kisa, ya zama tafintan sojan Amurka, yana karkatar da kayan abincin soja zuwa kasuwar bayan fage cikin motocin sojan, har wani jami'in bincike ya cafke shi a Agusta 1944. Babban mai shaida a kansa ya mutu da guba a inda ake tsare da shi, shari'ar ta rushe.

A riƙe wannan: a lokacin yunwa, wanda ke ofishin magajin gari shi ke da katin rabon abinci, da takardar izinin ɗaukar hatsi, da ɗaukar ma'aikata. Ta nan ƙungiyar da ta kusa durƙushewa ta sake miƙewa.

Ta yaya ake ƙulla irin wannan yarjejeniya?

Kusan tsari ɗaya ne a ko'ina. Babban jami'i ba ya zuwa da kansa. Ana neman ɗan tsakani da ɓangarorin biyu suka sani, lauya ko ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikacin tsaro. A 1960, da CIA ta so a kashe Fidel Castro, ta bi ta Robert Maheu, tsohon jami'in FBI, shi ya je wa ɗan Mafiya Johnny Roselli da tayin dalar Amurka 150,000, yana cewa wasu ƴan kasuwa ne suka aiko shi. Daga nan a ba da ƙaramin aiki na gwaji. In ya yi, a ba shi abin nunawa: katin aiki, lambar da zai kira in an tsare shi a shinge, wani lokaci fasfon hukuma. Ba a rubuta komai, in ma an rubuta ana lalatawa daga baya.

Rashin rubutun nan da ake ɗauka kariya, shi ne raunin abin. Ba iyakar aiki, ba ranar ƙarewa, ba wanda ke auna labarin da ake kawowa. Jami'i ɗaya ko biyu ne suka san zancen. Ranar da aka sauya musu wurin aiki, katin yana nan a aljihun mutumin, kuma na shinge bai san an daina ba.

Da me ake biyan su?

Kuɗi shi ne mafi araha. Roselli da Sam Giancana, shugaban Mafiyar Chicago da aka sa cikin shirin, ma ƙin karɓa suka yi. Abin da suke so a kau da kai: a janye tuhuma, a rage ɗauri, a bar musu hanya, a kama abokin hamayyarsu. Da aka kama wanda ya je dasa na'urar sauraro a ɗakin otal a Las Vegas don biyan buƙatar Giancana, CIA ce ta nemi ma'aikatar shari'a ta bar maganar.

Mafi tsada muƙami ne. A 1954 Bao Dai, shugaban ƙasar Biyetnam na lokacin, ya miƙa ƴan sandan Saigon ga gungun Binh Xuyen na Le Van Vien, masu gidajen caca da na karuwai da cinikin ofiyom. An ba kura ajiyar nama ke nan. Sai da aka gwabza yaƙi a tsakiyar birni a ƙarshen Afrilu 1955 kafin a fitar da su, unguwanni suka ƙone, dubban mutane suka rasa matsuguni.

A ina abin yake lalacewa?

Tun daga labarin kansa. Mutumin da aka ce ya nuna maƙiyi, abokin hamayyarsa a kasuwa zai fara nunawa. Soja su kai samame, su kashe ko su kama wanda ba shi ake nema ba, danginsa su koma ɓangaren maƙiyi, shi kuma mai labari ya gaje hanyar. Na biyu, makamin da aka raba ba ya dawowa. Na uku ya fi su muni: wanda ya yi wa hukuma aikin ɓoye ya san asirinta, don haka kama shi ya zama haɗari ga wanda ya sa shi.

Sabiya ta ga ƙarshen wannan. Željko Ražnatović, wanda ake kira Arkan, ɗan fashin banki ne da ƴan sandan ƙasashen Turai ke nema. A 1990 ya kafa rundunar sa-kai daga magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Red Star, suka yi kisa da wawaso a Kuroshiya da Bosniya. An harbe shi a wani otal a Belgrade ranar 15 ga Janairu 2000. Milorad Ulemek, tsohon kwamanda a rundunar Arkan, ya shugabanci runduna ta musamman ta hukumar tsaron ƙasa, yana kuma tare da gungun ƴan ƙwaya na Zemun. Ranar 12 ga Maris 2003, lokacin da firaminista Zoran Djindjic ke shirin murƙushe su, maharbi daga wannan runduna ya harbe shi a ƙofar ginin gwamnati.

Na Sudan ya fi kusa da mu. Gwamnatin Omar al-Bashir ta ba ƴan Janjawid makamai a Darfur daga 2003. A 2013 ta mayar da su rundunar RSF, suka mallaki zinariyar Jebel Amer, suka yi dukiyar da ba ta bi ta baitulmali. Ranar 15 ga Afrilu 2023 suka juya kan sojan ƙasar a cikin Khartoum.

Amurka ce kaɗai ta yi a wancan zamanin?

Kowane ɓangare ya yi. A Faris, Jamusawa sun bar wani tsohon mai laifi, Henri Lafont, ya zaɓo fursunoni daga kurkuku, shi da korarren ɗan sanda Pierre Bonny suka kafa gungun da ke azabtar da ƴan gwagwarmaya da ƙwace dukiyar Yahudawa. An harbe su biyun a Disamba 1944. A Shanghai, Chiang Kai-shek, jagoran ƴan kishin ƙasar Sin, ya yi amfani da yaran Du Yuesheng, ubangidan ƴan daban birnin, wajen kashe ƴan ƙwadago da ƴan kwaminis a Afrilu 1927. Yoshio Kodama ya tara dukiya yana samo wa sojan ruwan Japan kayan yaƙi daga Sin, an sake shi daga kurkuku a 1948, ya zama mai ɗaurin gindi tsakanin ƴan siyasa da ƴan Yakuza, gungun masu laifi na Japan.

Ina ruwan rufe iyaka da takunkumi da wannan magana?

Su ne takinta. Mu a nan mun gani sau biyu cikin ƴan shekaru: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024. Kaya ba su daina wucewa ba. Hanyar ce ta kauce daga Ɗan Barto da Kwangwalam ta koma cikin gonaki, farashi ya hau. Ga yadda abin ke tafiya: rufewa tana faɗaɗa tazarar farashi tsakanin gefe biyu, ƙaramin ɗan kasuwa ya kasa biyan kuɗin hanya ya fita, a bar masu jari da ɗaurin gindi. Hukumar da ke buƙatar shinkafa da magani da mai a kasuwa tana iya kau da kai don kada gari ya tashi. In an buɗe iyaka ribar shinkafa ta faɗi, amma motocin da direbobin da jami'an da aka saya suna nan, sai a nemi kayan da suka fi riba: tramadol, makamai, hodar iblis. Haka ya faru a Sabiya bayan takunkumin Mayu 1992, inda masu shigo da mai ta kogin Danube suka zama manyan gari.

Girman abin a ƙasarmu ba ƙarami ba ne. A Maris 2021 an kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai. A Janairu 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis a motar wani magajin gari a jihar Agadas.

Sulhun da aka yi da ƴan bindiga a Zamfara da Katsina, shi ma irin wannan ne?

Ba ɗaya ba ne, amma yana iya zamewa ya koma shi. Sulhu halal ne, kuma ƙasarmu tana da misalin wanda ya ɗore: yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen Abzinawa, a rubuce, a bainar jama'a, aka kuma ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Na maƙwabtanmu ya sha bamban. Buharin Daji ya yi sulhu da gwamnatin Zamfara a 2016, ya koma ruwa, aka kashe shi a Maris 2018. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Masari, ya gwada a 2016 da 2019, a 2020 ya ce ya janye domin an ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, ya fito Gusau a Fabrairu 2021 ya rantse da Alƙur'ani ya miƙa wasu bindigogi. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, aka kashe shi a rikici da wani gungu.

Abin da za a duba a kowane sulhu ga shi. Bindiga nawa aka miƙa, kuma mutum nawa ne a sansanin? In ɗari uku suka kawo ashirin, ba a ajiye makami ba. An rubuta lambar kowace bindiga, an gwada tana tashi? An karɓi harsashi, ko ƙarfen kaɗai? An ɗauki suna da hoto da zanen yatsan kowa? Kuɗin sake rayuwa hannun kowane mutum yake zuwa, ko ta hannun shugaba? In ta hannun shugaba ne, an ƙara masa ƙarfi a kan yaransa. An biya waɗanda aka kashe wa dangi aka kore wa shanu? Sannan babbar alamar zamewa: ranar da aka ce wa tubabbe ya riƙe makaminsa ya yaƙi waɗanda ba su tuba ba, an bar sulhu an shiga haya.

In haɗari ya ƙaraso, me zai hana a ba matasan palais, wato gungun samarin unguwannin Damagaram, makami su tsare unguwanni?

Muna ganin kuskure ne babba, kuma ba don raina yaran ba. Da yawansu a Kara-Kara da sauran unguwanni rashin aiki da ƙyamar jama'a ne suka tara su, kuma an ga waɗanda suka bar faɗa suka kama sana'a. Mai ƙarfi da ke son aikin tsaro a ɗauke shi shi kaɗai, da sunansa, a bincika bayansa, a horar da shi, a sa shi ƙarƙashin kwamandan da ba ɗan gungunsu ba, albashinsa ya fito daga baitulmali. Ɗaukar gungu sukutum da shugabansa da tsohuwar gabarsa da wata unguwa, wannan shi ne abin da aka yi a Belgrade da Darfur. A Zamfara ma, kisan da ƴan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba shari'a yana cikin abin da ya rura wutar ramuwar gayya.

Amma ai ƴan sanda na ko'ina suna da masu kai musu labari daga cikin ɓarayi.

Suna da su, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da su. Bambancin shi ne mai labari mutum ɗaya ne, yana cikin rajista, shugaban jami'in da ke hulɗa da shi ya sani, ana rubuta abin da aka ba shi, ana gwada labarinsa da wata majiya kafin a motsa, kuma sassauci alƙali ne ke ba shi. Ba a ba shi makami, ba a ba shi yanki.

In a ɓoye ake yi, ta yaya ake sani?

Sau da yawa ta hanyar tsautsayi. Ranar 3 ga Nuwamba 1996 wata mota ƙirar Mercedes ta yi karo da babbar mota kusa da Susurluk a Turkiyya. A ciki aka samu gawar wani babban jami'in ƴan sanda, da ta Abdullah Çatlı, wanda ake nema kan kisa da safarar ƙwaya, ɗauke da fasfon hukuma da takardar izinin riƙe makami. Ɗan majalisar da ke tare da su, shugaban masu gadin ƙauyuka da ke yaƙar ƴan tawayen Kurdawa na PKK, ya tsira. Ministan cikin gida ya sauka cikin ƴan kwanaki. Wani lokacin kuma jira ne: rahoton Herlands na 1954 kan Luciano sai 1977 ya fito fili, shirin kashe Castro kuma kwamitin majalisar dattawan Amurka ne ya bayyana shi a 1975.

Alamun da talaka ke iya gani da idonsa su ne motar da ba a taɓa tsayarwa a shinge, mutumin da aka kama da safe ya kwana gidansa, da samamen da kullum gungu ɗaya yake faɗa wa ya bar ɗayan.

Akwai ƙasar da ta iya warware wannan ƙulli?

Italiya ta rage shi, bayan shekara arba'in da jini mai yawa. An kashe ɗan majalisa Pio La Torre a Afrilu 1982, da Janar Carlo Alberto dalla Chiesa a Satumba, sannan aka zartar da dokar da La Torre ya nema. Ta yi abu biyu: zama ɗan ƙungiyar ya zama laifi a kan kansa, kuma kotu na iya ƙwace dukiyar da mutum ya kasa bayyana asalinta. Alƙali Giovanni Falcone ya bi sawun cakin banki maimakon jiran mai shaidar da za a kashe. A babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 an gurfanar da mutum 475, aka yanke wa 19 ɗaurin rai da rai. An kashe Falcone da abokin aikinsa Paolo Borsellino a 1992, amma hukuncin ya tsaya. Dokar 1991 ta ba gwamnati ikon rushe majalisar garin da Mafiya ta kutsa, ta 1996 kuma ta mayar da gonaki da gidajen da aka ƙwace ga ƙungiyoyin jama'a.

A Nijar ma'aikatun da za su yi irin wannan aiki suna nan: OCRTIS kan ƙwaya, CENTIF kan sawun kuɗi. Inda namu ya fi wuya shi ne cinikin da tsabar kuɗi ake yi, ba caki, ba banki. Don haka sawun yana cikin takardun filaye, rajistar manyan motoci, lasisin gidajen mai da na rijiyoyin zinariya, da kwangilolin dakon kayan hukuma. Nan ya kamata mai bincike ya fara dubawa.